Taba da Giya Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

 Yau maganarmu a kan wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ne, Allah ya ba shi sauƙi, ya tashi.

Mu fara da sanin ciwon. Jini yana tafiya cikin jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa kamar yadda ruwan dam na Goronyo ke bin kwalbati zuwa gonakin shinkafa. In kwalbati ya toshe, ko ya fashe, gona ta bushe. Haka ƙwaƙwalwa take. Shi ya sa hannu ko ƙafa ke mutuwa, baki ya karkace. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne.

To, wanda ciwon nan ya taɓa kamawa sau ɗaya, ya fi kowa kusa da na biyu. Taba kuwa tana ƙuntata jijiya, tana sa jini ya yi gudaji. Ba sigari kaɗai muke nufi ba. Har da shisha, da taba gari da tsofaffi ke cusawa a baki ko a hanci. Hayaƙin wani ma yana cutarwa, don haka kada a zauna kusa da mai lafiyar nan a rumfa ana busa masa.

Wani zai ce, "Na shekara talatin ina sha, me bari zai yi mini yanzu?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin minti 20 da bari, bugun zuciya da hawan jini sukan fara sauka. Bayan shekara 5 zuwa 15, hatsarin shanyewa yakan koma kamar na wanda ba ya sha.

Giya kuma, mun sani addini ya hana, amma akwai mai sha a ɓoye. Tana ɗaga hawan jini. In ta haɗu da ƙwayar asfirin da likita ya bayar, tana iya sa ciki ya zubar da jini. Ga ƙafa mai rauni, ga maye, sai faɗuwa. Mai sha kullum ya gaya wa likita gaskiya, don a taimake shi ya bari ba tare da wahala ba.

In kun ga bakinsa ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, kada a jira gari ya waye. A nemi mota nan take, a kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.