Kaluluwa Mai Tafi Tana Dawowa

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa Hausawa mazauna Duvu, Allah ya saka da alheri da wannan dama.

Maganarmu yau a kan kaluluwa ce, wadda ke fitowa a wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ta sace, bayan wata ɗaya ko biyu ta sake tasowa. Mu 'yan kasuwa mun san mai bin bashi: in ka lallashe shi ya tafi ba ka biya ba, gobe da sassafe yana bakin rumfarka. To, haka kaluluwa take. Likitoci sun ce wasu 'yan ƙulla ne a jiki masu tare ƙwayoyin cuta, sukan kumbura in akwai ciwo kusa da su. Dawowarta na nufin ciwon yana nan.

Ina yake ɓuya? Sau da yawa a ruɓaɓɓen haƙori ne, ko dasashi, ko hakin wuya, ko kunne mai ruwa. A yara kuwa, mu duba kai: makero, ƙuraje, ƙwarƙwata. Kada mu riƙa cewa hangum ne, don hangum galibi sau ɗaya yake kama mutum. In kumburin yana tashi ne lokacin cin abinci, wataƙila tsakuwa ce ta toshe hanyar yawu.

Amma jama'a, akwai mai nauyi. Tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana kama kaluluwar wuya, ko babu tari. Ta kumbura ba zafi, ta daɗe, wani lokaci ta fashe tana ruwa. Mu da muke kusa da kasuwar shanu ta Mubi mu sani, shanu ma suna da nasu tibin, kuma yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Maganin tibi kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ake sha, ba a yankewa. Ƙanjamau ma yana kawo kaluluwa. Sannan akwai ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara da sauri, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Yana jin magani in an kai yaro da wuri.

Saboda haka, kaluluwar da ta wuce mako 3, ko ta yi tauri, ko ta zo da rama da zufar dare, kada mu kai wa wanzami ya yi sakiya, kada mu tsaya sayen kafso a kemis. Mu tafi asibiti a Mubi a gwada. In sun tura mu Yola, mu je. Wanda kuɗin mota ya gagara, ya faɗa wa ƙungiya, abin da ya sa muka haɗu ke nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.