KAYAN ƊAKI BA SAI SABO BA

Jawabin da wani dattijon ƙungiya, tsohon kafinta, ya yi a taron ƴan garinmu mazauna Yamai



Shugaban ƙungiya, dattawa, malamai, iyaye mata, da ku samari ƴan bida da kunka zo daga nesa, ina gaishe ku baki ɗaya. Kun san ni ba mai boko ba ne. Kafinta ne ni, cikin garin katako na yi furfura. An ce in yi magana bisa aikin hannu cikin gida, ɗinki da gyaran tsofaffin kaya. To, zan yi, amma ku bari in fara da abin da ya sa na karɓa.

A 2023 wani ɗan garinmu, ba zan faɗi sunanshi ba, ya aurar da ɗiyarshi ta fari. Shekarar nan kun tuna hanyar Kwatano ta rufe, kayan waje sunka yi tsada. Ya jinginar da gonar da ya gada wurin ubanshi, ya sayo gado da armuwar da madubi, masu ƙyalli kamar ruwa. Ranar jere mata sunka yi ta guɗa. Damanar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi da Damagaram, ruwa ya shiga ɗakin yarinyar ya kwana biyu. Ya kira ni in duba ko kayan za su gyaru. Na tarar ƙafafun gadon sun kumbura kamar burodin da anka jiƙa. Ashe ba katako ba ne, garin katako ne anka manne da gam, anka lulluɓe da leda mai sheƙi. Na ce mishi babu gyara. Dattijon nan ya zauna ƙasa ya yi shiru. Kaya sun tafi, gona kuwa tana hannun wani.

A gidan nan kuma akwai gadon ƙarfe na kakar yarinyar, ruwan nan ɗaya ya same su. Anka fitar da shi rana ya bushe, a kanshi suke kwana.

Jama'a, maganata guda ce. Tsohon kaya mai ƙwari da anka gyara da hannu ya fi sabo na bashi. Na san za a ce mini araha ba ta ado. Ni kuwa sai in ce zanen aro ba ya rufe katara. Iyayenmu ba su ji kunyar gyara ba. In ƙwarya ta tsage gyartai ake kira shi ɗinke ta. In tabarma ta ci baki, kaba ake samowa a sake mata baki. Yaushe gyara ya zama abin kunya a garinmu?

YADDA AKE ZAƁEN TSOHON KAYA

Wanda ke Yamai ya san Kasuwar Katako. A Maraɗi, Damagaram da Tawa ma ba a rasa dillalan tsofaffin kaya, ga kuma ma'aikatan da anka canza wa wurin aiki suna sayar da nasu. In ka je, kada fenti shi ruɗe ka. Abu biyar za ka yi.

Na ɗaya, ɗaga shi. Jan katako, irin su maɗaci da loko, shina da nauyi da daɗewa. Farin katako ba shi da nauyi, ƙwari kuma suna son shi.

Na biyu, juya shi ka dubi baya da ƙarƙashi, inda mai sayarwa bai shafa komi ba. In ka ga jijiyar itace ta miƙe, katako ne. In ka ga gutsattsari kamar dusa, garin katako ne, bar shi ko kyauta ne, don kuɗin mota ma hasara ne.

Na uku, ƙwanƙwasa shi, ka soka ƙusa a ƙafafu. In ya yi ƙara kamar ganga, ko ƙusa ta shige ba wuya, gara ta cinye cikin. In ka ga ƴan ramuka kamar na allura da gari mai laushi shina zubowa, ƙwaro na ciki shina aiki.

Na huɗu, girgiza shi. Kujerar da ke rawa daga mahaɗi ba ta da laifi, gam ne ya saki, ita ce ma ake samu da sauƙin kuɗi. Wadda katakonta ya karye tsakiya ita ce mai wahala.

Na biyar, dubi tsagogi. Ɗigon baƙi-baƙi alamar kuɗin cizo ne.

GYARA

In ka kawo kaya gida, kada su shiga ɗaki ran nan. Kwance duk abin da ke kwantuwa, ka shanya a rana kwana uku ko huɗu kana juyawa. Gadon ƙarfe a zuba mishi tafasasshen ruwa a kowace gaɓa, zafi na kashe kuɗin cizo da ƙwansu. Ina roƙonku, kada a zuba fiya-fiya a kan gado ko katifa, kada kuma a sa ƙwayar nan ta maganin hatsi cikin ɗakin kwana. Tururinta na kashe mutum cikin barci, yara kuma su ta fara kamawa.

Bayan haka sai mahaɗi. Kankare tsohon gam sarai, don sabo ba ya kama bisa tsoho. Shafa farin gam na kafinta, ka haɗa, ka ɗaure da robar tsohon tif na babur, ka bar shi kwana ɗaya da wuni kada kowa shi zauna. Mutane na son buga ƙusa a ƙafar kujera, ita ce kuwa ke tsaga katako. In dole ne a sa ƙarfe, a sa ƙusa mai murɗi, a fara huda mata hanya, a goga mata sabulu. Ƙananan ramuka kuma a cika su da garin katako da anka kwaɓa da gam.

Sai gogewa. Takardar goge katako tana da lamba a bayanta. Lamba 80 mai kaushi ce, da ita ake farawa. Sai 120, a ƙare da 180 ko 220. Kullum bi jijiyar itace, kada ka gitta ta, in ba haka ba zane zai fito bayan an shafa mai. Nan akwai gargaɗi. Tsohon fenti, musamman ja da rawaya, sau da yawa akwai dalma cikinshi. Kun ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 sunka rasu. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Saboda haka a yi gogewa a fili, a jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a kori yara da masu ciki, a share a binne dattin nesa da murhu da rijiya.

In katakon mai kyau ne, a shafa mishi barnis jijiyarshi ta fito. In an yi mishi faci da yawa, fentin mai ya fi rufa asiri. Ko wanne ne, shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, a bar kowane shi bushe kafin a ƙara. Kada a shafa a tsakar rana, kada a shafa ranar da iskar hunturu ke tashi. Da safe a inuwa, a yayyafa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta. Gadon ƙarfe kuwa a kankare tsatsa da burushin waya, in akwai karaya a kai wa mai walda, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan launin da amarya take so. Kujerun ƙarfe da muke zama a kansu yanzu haka, in zaren robarsu ya tsinke ba yarwa ake ba. Yaro ɗan lakkol na iya koyon saƙa su cikin yini guda.

In an kai kaya ƙauye, gara ce abokiyar gaba. A ɗora kowace ƙafa bisa dutse, a bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango, a riƙa sharewa ƙarƙashi. Cikin akwatin tufafi a sa busasshen ganyen bedi.

ƊINKI

Iyaye mata, nan ku ne malamaina, abin da na gani a gidana kawai zan faɗa. Uwargidana da keken ɗinki guda na ƙafa ta yi wa ɗiyanmu mata uku labule, zanen gado da rigunan matasai, ba mu kai wa tela ko ɗaya ba. Tsofaffin kekunan nan baƙaƙe, Singer ko Butterfly, ba su bukatar wuta, kayan gyaransu kuma na kasuwa. Abu uku suke so. A share ƙurar zare ƙarƙashin allura, a rufe su da zane, a ɗiga musu man keke. Kada a sa man gyaɗa, daskarewa shike shi riƙe ƙarfe. Allura lamba 14 don atamfa, 16 ko 18 don yadi mai kauri irin na katifa. In zare na yawan tsinkewa, a fara canza allura kafin a kira mai gyara.

Atamfar auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, don haka a wanke ta kafin a yanka. Zanen gado daga tsakiya shike mutuwa, gefe na nan da ƙarfi. A raba shi biyu a tsaye, a haɗa gefe da gefe su koma tsakiya, a kalmashe bakin, ya ƙara shekaru. Wuyan rigar namiji in ya ci, a warware shi a juya. Ƙyallayen da teloli ke sharewa, a roƙa ko a saya da ƴan daloli, a yanka su daidai, a haɗa, ga mayafin sanyi, ga rigar matashi. A wurin masu bosho akan samu manyan labulaye masu kauri, guda na iya rufe matasan kujera biyu ko uku. Katifar audugar rimi in ta kwanta, a farke ta, a shanya audugar, a buge ta da sanda ta tashi, a ƙara kaɗan, a ɗinka sabuwar riga. Faifai, lefe da tabarmar kaba da kuke saƙawa kuwa, a Yamai kuɗi ake sa wa a saye su, mu da muke da su a gida muke raina su.

ABIN DA NIKE ROƘON ƘUNGIYA

Na san inda gizo ke saƙa. Ba rashin iya gyara ba ne, tsoron baki ne. Uwar amarya na tsoron ranar jere a ce ɗiyarta da tsohon gado ta zo. Uba na tsoron surukai. Mutum guda ba ya iya karya wanga abu, amma gari na iyawa. Don haka ina da roƙo huɗu.

Na ɗaya, ƙungiya ta ɗebi wani abu cikin asusunta ta sayi akwatin kayan aiki, zarto, guduma, abin fere katako, burushi da takardar gogewa, a ajiye a gari hannun amintacce, mai bukata shi ara shi maido, a rubuta.

Na biyu, mata su haɗa adashe su sayi keken ɗinki ko tsoho ne. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991, daga nan wasu ƙasashe sunka ɗauka. Waɗanda sunka koya wa duniya asusu ba za su kasa sayen keke guda ba.

Na uku, ku ƴan bida. Kuna shan rana a Legas, Abijan, Libiya da Aljeriya. In an aiko muku a ce kuɗin kayan ɗakin ƙanwa, ku tambayi abin da za a saya. Ku ce a gyara na gida, abin da ya rage a saya mata tunkiya ko akuya. Tunkiya na haihuwa, madubi ba ya haihuwa. Wanda kuma ya dawo gida da rani ba shi da abin yi, ƙofata a buɗe take. Zan koya mishi abin da na sani ba da ko dala ba, don ba ni son in tafi da shi kabari.

Na huɗu, ku dattawa da malamai, maganarku ake ji. Ku faɗa a masallaci, ku faɗa wurin ɗaurin aure, cewa ba a jinginar da gona don kayan ɗaki, kuma duk wadda ta yi wa ɗiyar wani gori bisa tsohon gado, garin duka ta yi wa. An ce bashi hanji ne, shina cikin kowa. Gaskiya ne. Amma wanda ya ci bashi don iri ko don magani daban, wanda ya ci don guɗar yini guda daban.

Ni da kaina, jikata za a aurar bayan girbi in Allah ya kai mu. Gadon kakarta na ajiye a shagona, na riga na kankare shi. Ranar jere ku zo ku gani, wanda ya ga aibi shi faɗa mini a gaban jama'a.

Abin da na faɗa daidai, Allah shi amfane mu da shi. Inda na yi kuskure ku gafarce ni, bakin tsoho ne. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido da ƴan bidanmu gida lafiya, shi rufa asirin kowa.