Gasar Kurket ta Ƙananan Ƙasashe da Aka Bari Ta Mutu

A wasan kurket akwai manya akwai 'yan rakiya. Manyan, irin su Ingila da Indiya, su ke buga wasan Test na kwana biyar. Don ragowar ƙasashe ne hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ƙirƙiro gasar Intercontinental Cup a 2004, ana wasan kwana uku, daga baya aka mayar da shi huɗu.

Scotland ce ta fara ɗaukar kofin. Ireland ta ɗauka sau huɗu, har da doke Kenya a wasan ƙarshe na 2005 a Windhoek. Afganistan kuwa, wadda 'yan wasanta da dama suka koyi wasan a sansanonin 'yan gudun hijira a Pakistan, sau biyu ta ɗauka. A 2017 aka shigar da Ireland da Afganistan sahun manya.

Daga nan sai aka daina gasar. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Gajeren wasan da aka bar wa ƙananan ƙasashe ya fi kawo kuɗi, gaskiya ne, amma ba ya koya wa ɗan wasa juriyar wuni guda yana tare ƙwallo. To, ƙananan ƙasashe irin su Namibiya da Nepal a ina za su koya?