Amsar Wasiƙunku: Da Wane Mudu Ake Auna Bambancin Maza Da Mata?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata malamar makarantar firamare a Funtuwa. Ta ce kullum tana jin ana cewa an bar mata a baya a ƙasashe masu tasowa, to wai shin da wane mudu ake auna wannan abu?

To Malama, mun gode ƙwarai. Tun 2010 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNDP, take fitar da wani ma'auni. Ana duba yawan matan da ke rasuwa wajen haihuwa, da 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ke haihuwa, da kujerun mata a majalisa, sai waɗanda suka taka sakandare, da masu aikin neman kuɗi. A haɗa duka, a ba ƙasa maki tsakanin 0 da 1. Amma fa ba irin jarrabawar ajinki ba ce, a nan mai ƙaramin maki shi ne gwani.

Kujeru dai ba su da wuyar ƙirgawa. A Ruwanda mata sun haura kashi 60 cikin 100 na majalisar wakilai tun 2013. Mu kuwa a zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata ba su kai biyar ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun aiki. Mai ƙidaya ya yi sallama da takardarsa, maigida ya fito zaure. "Maiɗakinka tana aiki?" "A'a, tana gida." Shi ke nan, an rubuta. Alhali kuwa baiwar Allah tun asuba take tuyar ƙosai, ga ƙuli-ƙuli, ga fura, har zubin adashi take yi. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, tun 1969 ta yi rubutu a kan wannan ciniki da ke ɓoye a bayan katanga.

To, wa ke fita da hajar? Yarinya mai talla. Ke kin fi ni sanin wannan, Malama. Kuɗin uwar bai shiga littafi ba, amma rashin 'yar a ajinki ya shiga, a layin ilmi.

Ni dai a ganina mudun bai yi ƙarya ba a kan makaranta da asibiti. A kan sana'a ne yake tauye mata. Gara a tura mace ta shiga har tsakar gida, ta tambayi matar da kanta abin da ta yi tun daga asuba har isha'i.