Jawabi Kan Ƙarfafa Ƙofar Gareji Kafin Damina

Jama'a, hadarin farkon damina, a watannin Afrilu da Mayu, yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Mutane sukan duba rufin kwano, su manta da ƙofar gareji ko ta sito. Alhali ita ce ƙofa mafi faɗi a gida.

In iska ta ɓalle ta, sai ta cika ɗakin, ta tura kwano daga ciki, rufin ya tashi gaba ɗaya. In gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take tura ƙofa da shi yakan ninka sau 4.

Don haka tun da rani maigida ya duba katakon da ƙofa ke rataye a jikinsa. In gara ta ci shi, a sake shi. In ƙofar ta ƙarfe ce, mai walda ya gyara inda tsatsa ta ci. Sakata ɗaya a tsakiya ba ta isa ba. A sa ɗaya sama, ɗaya ƙasa mai shiga cikin siminti. Sannan a gitta katako mai kauri ta ciki, daga bango zuwa bango. A ɗaure maƙalinsa da noti, domin ƙusa takan zare in ƙofa tana jijjiga.

Da an ga hadari ya haɗo, a rufe ƙofar sosai. Kada kowa ya tsaya bayanta yana tare ta da jikinsa, musamman yara. Ƙofar da iska ta turo tana iya karya mutum.