Bikin wuni ɗaya, tukunyar shekara

Jawabin da aka karanta a Maraɗi wajen bikin cimakar gida da wata koferatif ta mata ta shirya bayan kaka

Sarakuna, malamai, alhazai ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da iyaye mata masu wannan biki, barka da zuwa.

Abin da aka jera bisa tabarmin nan ba baƙon kowa ba ne: furar hatsi da nono, tuwon dawa da miyar kuka, dambun zogala, ɗan wake, beruwa irin ta Dogon Dutsi, ƙuli-ƙuli, cuku da kilishi. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi cimakar da ta riƙe kakanni ta koma sai an shirya mata biki kafin mai albashi ya tuna da ita?

Tun zamanin kuɗin iraniyom, a shekarun 1970, mutumin birni ya saba da shinkafar Asiya da burodi da makaroni, har ya ɗauki hatsi abincin ƙauye. Ya ga illar haka a watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, albashi bai bi su ba. Ya sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, manyan motoci suka maƙale a Malanville, buhun shinkafa ya gagari talaka. Zanen aro ba ya rufe katara. Alhali kuwa, in ban da Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya.

Amma yabon cimakar gida kaɗai ba ya cika rumbu. A shekarar 2005, a nan jahar Maraɗi da ake kira rumbun ƙasa, yara sun cika cibiyoyin kula da masu tamowa, ga kuma hatsi jibge a kasuwa. Abin da ya gagara shi ne kuɗin tiya. Dalilin sananne ne: da kaka manomi yakan sayar da amfaninsa da arha domin biyan bashi da hidimar aure, da damina, rumbu ya ƙare, sai ya dawo ya sayi hatsin nan nasa da tsada, wani lokaci ninki biyu.

A nan ne aikin koferatif yake. Wadda gwamnati ta kafa daga sama a 1962, wato UNCC, manomi bai ɗauke ta tasa ba. Dokar 1996 ce ta ba mutanen karkara damar haɗa kansu da kansu. A ƙarshen shekarun 1990 kuma, da tallafin FAO, aka soma tsarin jinginar hatsi: mambobi su zuba buhunansu a magaza mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin koferatif, ɗaya wurin asusun bashi. A ba su rance su yi kiwo ko sana'ar rani. Bayan ƴan watanni su biya, su karɓi hatsinsu ya yi daraja. Ribar da take tafiya aljihun mai ɓoye hatsi sai ta tsaya gidan wanda ya noma.

Saura kasuwa, ita ce kuma take hannun manyan baƙin wannan taro. Ɗan kasuwar da ya cika kantinsa da kayan gwangwani, me zai hana ya ware wuri ga garin hatsi da man gyaɗar matan nan, ya biya su kan lokaci? Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen abincin makarantun kwana, asibitoci da tarukan ƙara wa juna sani, me zai hana ya fara tambayar koferatif kafin ya aika Kwatano?

Gobe za a naɗe tabarmi, makaɗa su koma gida. Ba yawan taron yau za a auna ba. Abin da uwargida za ta ɗora bisa murhu ranar Litinin shi ne ma'auni. Allah ya ba da damina mai albarka.