KASUWAR WAYA DA INTANET: INA RABON MAI TEBUR?

Jawabin da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan kasuwa a Kano ran Lahadi da la'asar

Mun gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Ba za mu tsare ku har magariba ba.

Abin da ya tara mu yau shi ne 'yar abar nan da ke aljihun kowa, watau wayar hannu, da kasuwar da ta tsiro a gindinta. Kullum muna ji a rediyo ana cewa kasuwar waya da kwamfuta da intanet ta Nijeriya tana cikin manya na Afirka, Turawa da mutanen Sin suna ta zuba dukiya a ciki. Ba ƙarya ba ne. Amma ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ya nuna wa mai tebur a bakin kasuwa inda nasa rabon ya ke ba. Shi muka zo mu lissafa tare.

Dattawan cikinku sun tuna zamanin NITEL. Kafin 2001, layukan waya masu aiki a duk ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanenta sun haura miliyan 100. Ɗan kasuwa in yana son jin yadda kaya su ke a Ikko, sai ya je ya bi layi a ofishin waya, ko kuwa ya ba direba wasiƙa ya zauna jira. Cikin watan Janairu na 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasin wayar hannu, kowane guda a kan dala miliyan 285. Watan Agusta Econet da MTN suka kama aiki. A lokacin layi kaɗai ya kan kai naira 20,000, ban da kuɗin wayar. Kira kuwa naira 50 minti guda, ko sallama kawai ka yi ka kashe sai an cire maka na minti cikakke. Aka ce mana lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Sai Glo na Mike Adenuga ya shigo a 2003 ya fara, nan da nan sauran suka bi. Ashe yana yiwuwa! Zuwa 2020 layuka sun wuce miliyan 200, ko da ya ke sun ragu daga baya sa'ad da aka toshe waɗanda ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba.

To, wa ya tuna 'yan lema? Kowace kwana ka zagaya sai ka ga lema da tebur da kujera, yaro ko yarinya na zaune da waya biyu, ana biya ana kira. Mutane da yawa sun yi aure da kuɗin lemar nan, waɗansu har fili suka saya. Yau ina su ke? Waya ta yi araha, kowa ya sayi tasa, lema ta naɗe. Bayansu masu sayar da katin waya suka ci zamaninsu, har banki ya koya wa mutane sayen kati daga asusunsu suna kwance a ɗaki. Shagunan da a ke biya a hau intanet da kwamfuta su ma haka suka watse. Ku lura da kyau, dukansu ukun nan abu guda ya kashe su. Ba hannunsu a ke biya ba, rashin abin a ke biya. Ran da abin ya wadata, sai aka daina nemansu.

Wannan ba sabon labari ba ne a garin nan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe. Manoma sun samu, 'yan baranda sun samu, amma babbar riba tana wurin masu jirgin ruwa da masu injin matse mai a Ingila. 'Yan kaɗan daga cikin namu, irin su Alhassan Ɗantata, suka gane tun da wuri, suka matsa kusa da inda a ke yanke farashi. Kasuwar yau ma hawa-hawa ce kamar waccan.

Ga na sama. Kusan duk saƙon da ka aika waje, ta cikin wata igiya ya ke bi a ƙarƙashin teku, igiyar gilashi mai siririn zare wadda haske ke gudu a cikinta. Wata 'yar ƙasar nan, Funke Opeke, ta tara kuɗi ta jawo irinta daga Fotugal zuwa Ikko a 2010, da sunan MainOne. A 2022 wani kamfanin Amurka, Equinix, ya kammala sayen kamfaninta a kan dala miliyan 320. Waɗansu samari biyu a Ikko suka ƙirƙiri Paystack, hanyar da mai shago zai karɓi kuɗi ta intanet. A 2020 Stripe na Amurka ya saye shi, aka ba da labarin kuɗin ya haura dala miliyan 200. Ba su da gona, ba su da sito, ba su da mota ko guda a hanya. Rubutun kwamfuta suka iya.

Kun ji kuwa duka a Ikko ne. Dalili shi ne can igiyoyin su ke fitowa daga ruwa, kawo su Arewa kuwa sai an haƙa rami na ɗaruruwan mil, kowace jiha ta karɓi kuɗin wucewa. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma an daɗe waɗansu jihohi suna karɓar ninkin-ba-ninkin. Kaduna ta yafe nata a 2020. Wannan magana ce da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa tayarwa, gama harajin ramin nan a ƙarshe mai sayen data ne ke biya.

Ba mu ce kowa ya tafi ya jawo igiya daga teku ba. Mu sauko inda hannunmu zai kai.

Ku dubi wayar da ke hannun yawancinku, Tecno ce ko Itel ko Infinix. Duka na kamfani guda ne, Transsion, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Me ya sa suka ture manyan da suka riga su? Zuwa suka yi suka duba. Suka ga mutumin nan yana yawo da waya biyu don sabis ba ya tsayawa, suka yi masa mai layi biyu. Suka ga wuta ba ta zama, suka sa batir mai daɗewa. Suka gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata sosai. Baƙo daga wata duniya ya zauna ya karanci abokin cinikinku. Ku kuwa da kuka san sunansa da na ubansa, kun san ran da ya ke da kuɗi da ran da ba shi da su, wa ya fi ku sanin abin da ya rasa?

A ganinmu babbar ƙofa ita ce gyara. Tun da naira ta faɗi a 2023 sabuwar waya ta fi ƙarfin talaka, wanda a da zai yar ya sayi wata yanzu gyara ya ke kai wa. Ku je Farm Centre ku ga cinkoso. Amma gyara iri biyu ne. Akwai mai canja gilashi da batir da bakin caji, wannan kowane yaro zai koya cikin 'yan watanni, shi ya sa sun yi yawa har suna karya wa juna farashi. Akwai kuma mai buɗe cikin wayar, ya sa madubin ƙara girma, ya auna, ya gano ɗan ƙwayar da ta ƙone ya ɗauke ta ya dasa wata. Wannan nemansa a ke yi, har daga Maraɗi da Damagaram. Wayoyi za su sake kama, amma muddin akwai na'ura sai ta lalace. Hannun da ya gyara waya shi zai gyara kwamfuta da na'urar sola da na'urar POS.

Iyayenmu mata, da ku mu ke nan. Mace nawa ce ke ajiye wayarta a lalace don ba ta yarda ta miƙa wa namiji baƙo hotunanta da sirrinta ba? Yarinya guda da ta iya gyara a cikin unguwa ba za ta rasa aiki ba, ko ƙofar gida ba sai ta fita ba.

Sai POS. Kun ga yadda ta kasance farkon 2023 da aka canja kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa, har mai tumatir sai da ya koyi karɓar tiransifa. Masu POS sun samu ƙwarai. Amma mu faɗi gaskiya, a cikin birni POS ita ce lemar wannan zamani. Yanzu rumfa biyar a jere kowa da tasa, kamasho na ta ƙanƙancewa. In za ka yi, kai ta ƙauyen da ba banki, ka haɗa da cajin waya na sola da sayar da data, ka kuma sa ranka cewa tsani ce ba ɗaki ba.

Wanda kuma ke da hajarsa a Kwari ko Dawanau, ba sai ya sake sana'a ba. Hoton atamfa a WhatsApp yana kai wa Yamai da Injamena kafin ka gama shan shayi. Abin da ke riƙe ciniki irin wannan shi ne abin da kuka gada, watau a aiko maka kuɗi ba a gan ka ba, ka aika da abin da aka gani a hoto, ba ƙaninsa ba.

Masu sayar da caja da waya da murfi, ku kuma ciwonku ɗaya ne, kowa shi kaɗai ya ke saro kwali biyu daga hannu na uku. Adashe ba baƙonmu ba ne. Mutum goma in suka haɗa jari suka tura amintacce guda kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko kai tsaye Gwanzu, ribar da dillalai biyu ke ci a tsakani ta dawo aljihunsu.

Akwai ramuka, kada a ce ba mu faɗa ba. Watan Satumba na 2021 aka kashe sabis a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba tiransifa, masu POS da masu data suka zauna hannu rabbana. Watan Maris na 2024 igiyoyin teku suka tsinke wajen gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka rikice. Janairun 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, ɗaya daga dalilan shi ne tsadar man da injinan ƙarafan sabis ke sha dare da rana. Ga 'yan damfara masu nuna saƙon kuɗi na ƙarya, kada ka saki kaya sai ka duba asusunka da idonka. Ga kuma masu ba da bashi ta waya, waɗanda in ka yi latti sai su bi lambobin surukanka suna ci maka mutunci. Kada jarin kowa ya fito daga nan.

Yanzu ga abin da mu ke roƙo. A cikin taron nan akwai masu gyara da ke da gurbin yaro, akwai kuma iyaye masu 'ya'yan da suka gama sakandare suna zaune a dakali. Littafi yana nan a kan tebur. Mai gurbi ya rubuta sunansa a hannun dama, ya faɗi yara nawa zai ɗauka da irin gyaran da ya iya. Mai yaro ko yarinya ya rubuta a hagu. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa mana mu rubuta masa. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da ɓangarorin biyu a yanke wata nawa za a yi, da wanda zai ɗauki kuɗin abincin rana.